Yadda Ake Tada Babur Bayan Ya Yi Hunturu A Ajiye

Duk shekara da zarar an kai ƙarshen Maris ƙanƙara ta fara narkewa a nan Ottawa, ƙasar Kanada, sai kira ya fara shigo min, yawanci daga 'yan uwanmu da suka sayi babur bara, kuma tambayar kusan ɗaya ce, wai na danna sitata sai ƙas-ƙas-ƙas kawai yake yi, yaya zan yi. Abin da nake fara faɗa wa kowa shi ne dan Allah ka ɗauke hannunka daga sitatar nan tukuna. Mu da muka taso a gida ba mu san ajiye babur ba, Boxer ko Jincheng kullum yana kan titi, komai sanyin da ake yi a Kano ko Zinder iyakarta ka ja cok ka buga kik sau uku ya tashi. Nan kuwa mashin yakan yi wata huɗu zuwa biyar a gareji ko rumfa tun daga Nuwamba, sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri 20 ko fi, batir ya tsiyaye, fetur ya lalace, iskar taya ta ragu, ɓera ya samu ɗaki. Tayarwa ita ce kusan abu na ƙarshe a aikin nan, wanda ya fara da ita shi ne yake jawo wa kansa kashe kuɗi.

Ka ware yini guda, ranar Asabar da rana ta ɗan fito. In ka kai wa bakanike a Afrilu zaka tarar da layi, kuma kuɗin aiki a nan yakan wuce dalar Kanada 100 a awa ɗaya, alhali yawancin abin da zan lissafa da hannunka zaka iya.

Kayan da zaka tanada

Mitar auna wuta (ta dala 20 zuwa 30 ta isa), ƙaramar cajar batirin babur, gejin auna iskar taya da famfo, sifanoni da sukurdireba, tocila, tsumma mai yawa, kananzir, tsohon buroshin haƙori, man sarƙa, da jarkar sabon fetur. Sai littafin mashin ɗinka, wanda ya fi duk waɗannan muhimmanci, domin lambobin da zan bayar na galibin babura ne, naka yana iya bambanta. In babu shi a hannunka ka rubuta sunan mashin da shekararsa a intanet, yawancin kamfanoni sun saka shi kyauta.

1. Ido da hanci tukuna

Yaye rigar da ka lulluɓe shi da ita, ka turo shi inda akwai haske, sannan ka koma ka dubi ƙasan inda ya tsaya. Ɗigon baƙi baƙin mai ne, kore ko ruwan hoda ko shuɗi ruwan sanyaya inji ne, in kuma warin fetur ya buge ka to akwai inda yake yoyo, ka nemo shi kafin komai.

Cire kujera ka haska tocila. Kana neman kashin ɓera, yayyagaggen soso, ɓawon gyaɗa ko tsabar abincin tsuntsu. Ɓera yana matuƙar son akwatin filtar iska saboda ɗumi da duhu, kuma yana cin rigar wayoyi. Buɗe akwatin ka ciro filtar, in ta takarda ce kuma ta yi baƙi ko an ci gefenta sai sabuwa, in ta soso ce a wanke a shanya a shafa mata man da aka yi don ita.

Hattara: in ka toshe bakin salansa da tsumma ko leda a lokacin ajiya, yanzu zaka cire shi. Mutane da yawa suna mantawa, su yi ta murza sitata har batir ya mutu suna zargin inji.

2. Batir

Sa mitar a kan DC, jan waya a kan alamar +, baƙi a kan alamar −. Batirin da yake cike zai nuna volt 12.6 zuwa 12.8. In ya nuna 12.4 ko ƙasa yana buƙatar caji. In ya faɗo ƙasa da 12 to ka fara shirin sayen wani, ko da ya karɓi caji ba lallai ya riƙe ba. Gwajin da nake yi shi ne in caje shi ya cika, in cire caja, in bar shi ya kwana, da safe in sake aunawa. In ya sauka sosai cikin dare ɗaya ya gama aiki.

Caja ƙarama zaka yi amfani da ita, mai bada amp ɗaya zuwa biyu, irin wadda take tsayawa da kanta in ya cika, kuɗinta yakan kama daga dala 40 zuwa 80. Sabon batir kuma daga wajen dala 80 zuwa 200 gwargwadon mashin. Ka tafi da tsohon shagon, suna karɓa.

Wajen ɗaurawa akwai tsari: + ake fara ɗaurawa sannan −, wajen cirewa kuma − ake fara cirewa. Dalili shi ne jikin mashin gaba ɗaya − ne, in kana ɗaure + da sifana alhali − na haɗe sifanar ta taɓa ƙarfe sai tartsatsi, fiyus ya ƙone ko abin da ya fi haka. In ka ga farin gari ko kore a kan bakin batir ka goge da buroshi da 'yar hodar baking soda da ruwa, ya bushe, ka ɗaure tam.

Hattara: kar ka ja wuta daga motar da injinta ke aiki. In dole ce ta sa, a kashe motar. Sannan in batirinka na lithium ne, cikarsa ta fi 13, cajarsa daban ce, kuma ba a cajinsa a cikin sanyin da ya kai na daskarewar ruwa, ka shigo da shi ɗaki ya ɗumama tukuna. Wanda ya kumbura ko ya tsage, kowane iri ne, kar ka ma gwada.

3. Fetur

Nan ne mafi yawan matsalar take, shi ya sa zan daɗe a kai. Fetur ɗin da muke sha a gidajen mai na lardinmu na Ontario yana da ethanol, wani nau'in barasa da ake gauraya wa fetur, kusan kashi 10 cikin ɗari, shi kuma ethanol yana jan danshi daga iska. In tanki ya zauna rabi tsawon watanni, ruwa yana taruwa a ciki, har ya kai ethanol ɗin da ruwan su rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda mashin yake zuƙa. Ban da wannan, sassan fetur masu saurin kamawa suna tashi su bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro, shi ne yake toshe ƙananan ramuka.

Buɗe tanki ka shinshina. Fetur mai kyau ka san warinsa. Wanda ya lalace yana wari kamar tsohon fenti ko banish, launinsa ya yi duhu kamar shayi. Haska tocila, ba ashana ko laita ba, ka duba ko akwai tsatsa a bangon tanki.

In ka cika tanki ka zuba maganin adana fetur irin su Sta-Bil kafin ajiya, to ka huta, ka ci gaba kawai. In baka zuba ba amma warin bai canza ba kuma fetur ɗin kaɗan ne, ka cike da sabo ya rinjaye shi. In warin ya canza kar ka yi rowa, zuƙe shi duka da ƙaramin famfon hannu cikin jarka, ba da baki ba kamar yadda muka saba gani a bakin titi. Kuma ba a zubar da shi a kwata ko bayan gida a nan, birni yana da ranakun karɓar irin wannan shara mai haɗari, ka ajiye jarkar har ranar.

Daga nan hanya ta rabu biyu. In mashin ɗinka mai injekta ne, kamar yawancin na yanzu, in ka murɗa makulli zaka ji famfon fetur ya yi ɗan kuka na daƙiƙa biyu ko uku ya yi shiru, wannan alamar lafiya ce. In baka ji ba ka duba jan maɓallin kashe inji da ke hannun dama, sannan fiyus.

In mai kafireto ne, kamar Suzuki DR650 ko tsohon Kawasaki KLR650, akwai ƙaramin sukuru a ƙasan kofin kafireton. Rufe famfon tanki, wato makunnin da ke sakin fetur daga tanki, sa gwangwani a ƙasa, sassauta sukurun tsohon fetur ya zube, ka duba ko akwai ruwa ko datti a ciki, ka ɗaure, ka buɗe famfo sabo ya cika kofin. In bayan ka tada shi ya ƙi tsayawa a silo, wato ya yi aiki da kansa ba a murɗa totur ba, sai da cok, kana sakin cok ya mutu, to ƙaramin jet ɗin silo ne ya toshe, raminsa bai fi tsinin allura ba. Sai an kwance kofin an ciro shi an fesa masa maganin wanke kafireto an hura iska. Kar ka zura masa waya ko allura, faɗaɗa ramin zaka yi, mashin ya koma shan mai da hayaƙi.

Hattara: duk aikin fetur a waje ake yinsa ko ƙofar gareji a wangale, nesa da hita da tukunyar ruwan zafi, kuma ba sigari.

4. Baƙin mai da ruwan sanyaya inji

Tsayar da mashin a miƙe, ba a jingine kan jak ɗin gefe ba, ka sa wani ya riƙe maka, ka duba gilashin da ke gefen inji ko sandar awo. Abu uku kake dubawa. Ko ya ragu. Ko ya yi fari-fari kamar an zuba madara, wato ruwa ya shiga. Ko kuma ya ƙaru fiye da yadda ka bar shi yana warin fetur. Wannan na ukun yana faruwa ga masu kafireto in an bar famfon tanki a buɗe, fetur ya yi ta tsiyaya har cikin inji, kuma in ka ga haka kar ka tada shi ko sau ɗaya, juye man nan take, ka cire fulogi ka juya injin fetur ɗin da ya taru a silinda ya fita.

In ka canza mai kafin ajiya, shi ke nan, yana nan da kyansa. In baka canza ba, ka bari sai ka tada inji a mataki na 9 ya yi ɗumi na minti biyar sannan ka juye, mai ɗumi ya fi fita da datti. Ka sayi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan, yawancin babura 10W-40 suke sha. Man mota yana da sinadarin ƙara santsi da yake sa kulocin babur zamewa, tunda a yawancin babura kuloci a cikin man injin yake wanka. Lita uku da filta da sabon wosha na noti zasu ci maka wajen dala 60 zuwa 90. Wajen ɗaure notin juye mai kar ka nuna ƙarfi, jikin injin alminiyom ne, in zaren ya lalace gyaransa ya ninka kuɗin man sau da yawa.

Ruwan sanyaya inji kuma ka duba robar ajiyarsa ya kasance tsakanin layuka biyun. In ya ragu ka ƙara irin nasa, ba ruwan famfo ba, kuma ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

5. Taya

Iska tana raguwa da kanta a hankali, sanyi kuma yana ƙara rage ta, kusan psi ɗaya (ma'aunin iskar taya) a duk saukar digiri biyar zuwa shida, saboda haka bayan hunturu ba mamaki ka tarar ta ragu sosai alhali a ido kamar lafiya. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne. Ka auna da geji tayar na sanyi, ka bi lambar da ke kan sitikar jikin mashin kusa da sarƙa ko cikin littafi. Lambar da ke rubuce a gefen tayar iyakar abin da zata iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba, wannan kuskuren ina ganinsa kullum.

Juya tayar a hankali ka duba tsagewa a gefe da cikin zanen, ƙusa, ko kumburi. A cikin zanen akwai wasu 'yan tudu, in roba ta cinye har ta yi daidai da su tayar ta ƙare. Sannan ka nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, misali 2319 yana nufin sati na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar zuwa shida ni bana yarda da ita ko zanenta na nan, roba tana bushewa ta yi tauri, a kan kwalta mai sanyi ba ta kama ƙasa. Wanda ya sayi mashin na hannu musamman ya duba wannan.

In ka ji ɗan tsalle-tsalle a farkon tafiya saboda tayar ta daɗe a gefe ɗaya, yakan baje in ta yi ɗumi. In bai baje ba bayan tafiya mai ɗan nisa a canza.

6. Birki

Matsa birkin gaba. Ya kamata ya yi tauri kafin ya iso hannu. In ya yi laushi kamar soso ko ya taɓo hannu akwai iska a ciki ko man ya tsufa, kuma mashin baya fita sai an gyara. Leƙa gilashin kofin man birki, sabo ruwan zuma ne mai haske, in ya koma kamar baƙin shayi ya sha danshi. Man DOT 4 da yawancin babura ke amfani da shi duk shekara biyu ake canza shi, kwalbarsa bata wuce dala 15 ba. In baka taɓa fitar da iska daga birki ba, wannan aikin ka kai wa wanda ya iya, ko ka tsaya kusa da shi ka koya, birki ba wajen gwaji ba ne.

Haska tocila ka ga kaurin takalmin birki, in abin da ya rage bai fi milimita biyu ba a canza. Jar tsatsa sama-sama a kan faifan ba komai, taka birki kaɗan zai share ta. Tura mashin gaba ka matsa ka saki, in ka saki amma tayar na riƙe to fistin ɗin birkin ya maƙale, gishirin titi da danshi ke jawo haka.

Hattara: kar ka haɗa DOT 5 da DOT 4, ba jinsi ɗaya ba ne. Kuma man birki yana cin fenti, ka rufe tanki da tsumma.

7. Sarƙa

Wanke ta da kananzir da buroshi, ba fetur ba, domin fetur yana lalata 'yan robobin da ke tsakanin gaɓoɓinta. Goge ta bushe, ka fesa mai ta ciki kana juya tayar da hannu. Nemi gaɓar da ta sandare ta ƙi lanƙwasa, ka dubi haƙoran sifaket, in sun yi tsini sun karkace kamar ƙugiya to sarƙa da sifaket biyun tare ake canza su. Sakinta a tsakiya galibi milimita 25 zuwa 35 ne, masu dogon shok sun fi haka, ka auna a wurare da yawa ka daidaita da inda ta fi ɗaurewa. Ɗan saki ya fi ɗaurewa da yawa alheri.

Hattara: wallahi kar ka kunna inji ka sa giya don tayar ta riƙa juyawa kana goge sarƙa da tsumma. Tsumman take fara kamawa sannan yatsu, kuma ba a mayar da su.

8. Sauran ƙananan abubuwa

Fitilar gaba babba da ƙarama, ta birki da hannu da ƙafa, sigina huɗu, hon. Murɗa totur ka saki, dole ya koma da kansa da sauri, ka gwada kan mashin na dama sannan na hagu. Shafa yatsa a kan ƙarfen shok ɗin gaba, in ka ji mai ya jiƙe robar ta mutu, kuma man yana iya gangarowa kan birki. Bi manyan notuna da sifana ka tabbatar babu wanda ya saki.

9. Yanzu ka tada shi

Fito da shi waje. Hayaƙin salansa a rufaffen gareji yana kisa ba tare da mutum ya ji warin komai ba. Sa shi a furi, jan maɓalli a kan aiki, ɗaga jak ɗin gefe ko ka riƙe kuloci domin wasu ba sa tashi sai da haka, mai kafireto ya ja cok. Danna sitata daƙiƙa biyar, in bai tashi ba ka huta rabin minti, kar ka danne ta har ta yi zafi. Mai injekta baya buƙatar ka murɗa totur. In ka yi sau biyar shiru, ka tsaya, ka ciro fulogi: in a jiƙe yake fetur na zuwa, matsalar wuta ce ko ya sha da yawa, in a bushe yake fetur ne baya isowa.

Da ya tashi ka dubi jar fitilar mai, dole ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan, in bata mutu ba kashe shi. Kar ka yi ta zuga shi, mai bai gama hawa sama ba. Farin tururi daga salansa na 'yan mintuna danshi ne kawai. Mayar da mita kan batir inji na aiki ka ɗan ƙara wuta, ya kamata ka ga 13.5 zuwa 14.5, in yana nan a 12 da wani abu mashin baya caji, zai mutu maka a hanya ko da sabon batir.

10. Takardu da fitar farko

Kira kamfanin inshorarka ka tabbatar tana aiki, musamman in ka rage ta a hunturu. A Ontario an daina manna sitika a lamba tun 2022 amma rajistar dole ta kasance bata ƙare ba, kuma mai lasisin M1, na matakin farko na tuƙin babur, ya tuna kwana 90 kawai take yi, ta bara ta mutu. Waɗanda ke tsallaken kogi a Gatineau, dokar lardinsu na Quebec ta tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris ta haɗa da babura, kar ɗumin kwana biyu ya ruɗe ku ku fito kafin lokaci. Duba hular kwano, in ta taɓa faɗuwa da ƙarfi ko sosonta ya fara rugurgujewa a sake wata.

Ni nakan jira a yi ruwan sama mai ƙarfi sau ɗaya ko biyu ya wanke titi, saboda yashi da tsakuwa da gishirin da aka yi ta zubawa duk hunturu suna taruwa ne a kwana da mahaɗar hanya, ga ramukan da ƙanƙara ta fasa, ga masu mota da suka yi wata biyar ba su ga babur ba idonsu ya daina nemanmu. Kai ma hannunka ya yi sanyi. Fara da filin ajiye motoci da babu kowa, ka yi minti goma sha biyar kana taka birki da juyawa a hankali, sannan ka zaga unguwa kilomita goma zuwa ashirin ba tare da ɗaukar kowa ba, ba babbar hanya ba. In ka dawo ka ajiye shi a kan busasshen siminti ko ka shimfiɗa kwali a ƙasa, ka kai hannu kusa da faifan birki ka ji ko wani ya yi zafi fiye da kima, ka sake duba mai da sakin sarƙa, washegari da safe kuma ka dubi kwalin ka sake auna iskar taya.